Yadda ake tafiyar mota daga Kano zuwa Accra ba ka kwaso ciwo ba, ba ka kuma kai wa masu masauki ba

Tun ina yaron shago nake bin hanyar nan, daga Kano a gangara Legas, daga Legas a bi ta Badagry a shiga Seme, a ratsa Kwatano da Lome a faɗa Aflao, sai Accra, wani zubin har Kumasi. Kakanninmu fatake da jakuna suka yi irin wannan tafiya ta can arewa, su bi ta Zugu su sauka Salaga a ƙasar Gwanja su ɗauko goro, wata da watanni suna hanya. Mu yanzu kwana biyu zuwa uku ne in boda ba ta yi gardama ba. To wannan saurin da muke murna da shi shi ne inda matsalar take, don a da in mutum ya baro gida da ciwo a jikinsa, kafin ayari ya kai zango na ƙarshe ko ya warke ko ta Allah ta kasance. Yanzu kuwa ƙyanda tana yin kwana 10 zuwa 14 a jikin yaro kafin ta fito, shawara kwana 3 zuwa 6, zazzaɓin Lassa har kwana 21. Kaga ke nan za ka iya tashi daga Sabon Gari garau, ka sauka unguwar Nima a Accra garau, ka ci tuwo da yaran gida kwano ɗaya, sai bayan sati abin ya bayyana. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, gaskiya ne, amma abin da raɓar ta bari a gidan mutane shi ba ya tashi da hantsi.

Ga yadda nake shirya tafiyata yanzu, bayan na sha wuya na koya.

Mataki na farko: yalo kad, kuma na gaskiya

Wannan wata guda kafin tafiya ake fara shi, ba daren da za a tashi ba. Yalo kad shi ne katin shaidar allurar riga-kafin zazzaɓin shawara, kuma Benin da Togo da Ghana duk suna da hurumin tambayarka shi a boda. A Najeriya sashen Port Health na ma'aikatar lafiya ta tarayya ke bayar da shi, tun 2019 aka koma sabon kati wanda ake rajistarsa ta intanet. Ka shiga shafinsu ka cike sunanka da lambar fasfo, ka biya ta Remita, ka buga rasit, sannan ka ɗauki fasfonka ka je ofishinsu, mu nan Kano akwai a filin jirgin Malam Aminu Kano. A can za a tsira maka allurar a damtse a ba ka katin da hatimi.

Abu biyu da mutane ba su sani ba. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don sai lokacin jiki yake gama haɗa garkuwa, saboda haka in ka yi yau ka tashi jibi, ma'aikacin boda yana da gaskiya in ya tsare ka. Na biyu, tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allurar sau ɗaya ce tak har ƙarshen rayuwa, maganar sabuntawa duk shekara goma ta wuce. Ka adana katin cikin leda tare da fasfo, ka ɗauki hotonsa a waya.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Tafiyata ta farko ni ma katin tasha na saya. Wani ɗan kamasho ne ya ja ni bayan wata rumfa ya zaro su daga aljihun gaba kamar katin waya, ya tambayi sunana ya rubuta da biro, ya buga hatimi a kan gwiwarsa, ko allurar ɗinki ban gani ba balle ta asibiti. Na ƙetare boda biyu ina jin ni gwani ne. A ta uku wata mata mai farar riga ta juya katin ta dube ni ta ce a wane hannu aka yi maka, na nuna dama ina nuna hagu, mota ta jira ta gaji ta tafi da kayana. Abin da na kashe ranar ya ninka kuɗin katin gaskiya sau ban san adadi ba. Araha ba ta ado.

Amma ba kuɗin ne abin dubawa ba. Shawara sauro ne ke ɗaukar ta, wani mai ɗigon fari a ƙafa da ke cizo da rana, ya ciji mai cutar ya je ya ciji mai lafiya. Idan ka shiga unguwar mutane da ita a jininka ka zama rijiyar da sauron unguwar zai ɗiba ya raba. A 2019 mutane sun je yawon buɗe ido dajin Yankari a Bauchi suka koma jihohinsu da ita, har Borno, aka rasa rayuka. A ƙarshen 2021 ta ɓarke a yankin Savannah na Ghana, ƙasar Gwanjan nan dai da kakanninmu ke zuwa, akasarin waɗanda ta kama makiyaya ne da ba su taɓa yin allurar ba. Ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye, in ido ya yi ɗorawa aka fara aman jini sai dai a yi ta tallafa wa jiki ana addu'a. Katin bogi ma'aikaci kawai yake ruɗa, sauro ba ya karatu.

Jariri ƙasa da wata 9, mai juna biyu, wanda ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, mai raunin garkuwar jiki, da dattijon da ya haura 60 bai taɓa yi ba, waɗannan su faɗa wa ma'aikacin lafiya tun kafin a zare allura, shi zai yanke hukunci, in ma ba za a yi ba akwai takardar uzuri da likita ke rubutawa.

Na biyu: in da yara za a tafi, a nemo katinsu

Hajiya in biki za ki ko suna ko gaisuwar mutuwa kuma da goyo, ki ɗauko katin riga-kafin nan da ke ƙasan akwati ki kai asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a duba abin da ya rage. Ƙyanda, shan inna, mashaƙo, sanƙarau. Kyauta ne. Mashaƙon nan ba tarihi ba ne, daga ƙarshen 2022 ya addabi Kano fiye da ko'ina a Najeriya, kuma yawancin yaran da ya kwantar ba su da cikakken riga-kafi. Gidan biki a zango, wato unguwar Hausawa a can, kuwa kin san yadda yake, yara ashirin a ɗaki ɗaya, kofi ɗaya a bakin randa.

Na san har yanzu akwai mai ɗaga hanci in an ce shan inna. Mu tuna abin da ya faru dai. A 2003 aka dakatar da ɗigon a Kano da wasu jihohin arewa, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, a tsakanin nan cutar ta bi hanyoyin da muke bi ɗin nan ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, Ghana da Togo da Benin da Burkina Faso na ciki, zuwa 2005 har Indunusiya an same ta kuma binciken ƙwayar ya nuna asalinta daga nan ne. Yaran da suka shanye a can ba su san ma ana wata muhawara a Kano ba. Sai Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Kai babba ma, in tafiyarka ta faɗo lokacin hunturu zuwa bazara, lokacin sanƙarau ke nan a ƙasarmu, ka tambaya ko akwai allurarsa. Ta ciwon hanta kuma sau uku ake yi cikin wata shida, ga mai yawan tafiya ta cancanci wahalar.

Na uku: ka tambayi jikinka tsakani da Allah

Ana gobe tafiya in kana da zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje sun feso wa yaro, a ɗaga tafiyar. Na san an biya kuɗin mota, na san kaya na jira, na san za a ce ba ka zo bikin ba. A ɗaga. Tari da ya wuce sati biyu, musamman da zufar dare da rama, a je a gwada majina kafin a shiga motar da za a rufe gilashi a kunna esi mutum hamsin na shaƙar numfashin juna har Legas. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha.

Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisi ya inganta cewa in kun ji annoba a gari kada ku shiga, in kuma ta same ku a ciki kada ku fita, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda haka. A zamaninmu ma mun gani. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da Ebola a jikinsa, mutum ɗaya, ya nemi a sallame shi daga asibiti, likita Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi. Ita kanta ta kamu ta rasu, mutum 8 aka rasa gaba ɗaya, amma da ta bar shi ya fita cikin Legas Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Na huɗu: jakar magani

Ƙarama ce, ba kemis za ka buɗe ba. Farasitamol, sacet ɗin gishiri da suga na ORS kamar goma, zinc in da yara, sabulu, man wanke hannu na kwalba, filasta da bandeji, takunkumin fuska, man korar sauro, da gidan sauro mai magani, wannan na ƙarshen kada ka ji kunyar ɗaukarsa. Ka haɗa da abin yankan farce da reza naka na kanka.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai sikila, mai shan maganin ƙanjamau, kowa ya ɗauki maganin da zai ishe shi ya ƙara na sati ɗaya a kai, don tafiyar kwana goma tana komawa ashirin ba da shawararka ba. Ka sa shi a jakar hannu, ba cikin buhun da za a ɗaure a but ba. Insulin, allurar masu ciwon suga, ba ya son zafi, a sa shi a ƙaramar kula kusa da ƙanƙara amma kada ya daskare. Kuma kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali da takardar likita, kada ka ɓare su ka zuba a farar leda, a boda ba wanda zai yarda cewa na hawan jini ne.

Sannan don girman Allah kada ka karɓi saƙon magani a tasha. "Alhaji taimaka ka miƙa wa ƙanena wannan a Lome." Ka buɗe a gabansa ko ka ce a'a. Tiramol da makamantansa sun kai bayin Allah da yawa gidan yari a ƙasar da ba su da kowa, kuma ko ka tsallake da shi, samarin zangon da za su sha 'ya'yan 'yan uwanka ne.

Na biyar: cikin mota

A gaskiya abin da ya fi kashe matafiyi a hanyar nan ba ƙwayar cuta ba ce, haɗari ne. In da hali ka zaɓi motar safe, ka zaɓi kamfanin da ke da direba biyu a doguwar tafiya, ka ɗaura bel ko da na kusa da kai zai yi maka kallon baƙauye. Direba na gyangyaɗi ko yana ta afa ƙwaya da lemon ƙarin kuzari, ku haɗu ku yi magana, ranku ne. A Kwatano 'yan acaɓansu masu rigar ɗorawa, zem suke ce musu, suna da sauƙi da sauri, amma ka nemi hular kwano.

Duk inda aka tsaya ka sauko ka taka ƙafa ko na minti biyar ne, sallah ma ta ishe ka motsa jiki. Zaman awa goma sha ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, in ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan ka sauka, ko numfashi na yi maka wuya, asibiti kai tsaye, ba mai tausa ba. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa a hanya don gudun fitsari, na fahimta, amma haka ake samun ciwon mara da jiri, mai sikila kuwa rashin ruwa ne ke tayar masa da ciwon ƙashi. A sha kaɗan-kaɗan.

Maganar bayan gida. Inda motoci ke tsayawa a bakin hanya garin wasu ne, gonar wani ce, rafin da ke ƙasan gadar nan shi wasu ke sha. In akwai banɗakin kuɗi ka biya ka shiga, canjin sefa ko sidi kaɗan ne. In dole ta sa sai daji, ka yi nisa da ruwa ka tona ka binne. Famfas ɗin yaro a ƙulle a leda a riƙe har inda akwai bola, ba a wurga ta taga ba.

Na shida: ci da sha

Dokar da nake bi ita ce mai zafi daga wuta, ko abin da zan ɓare da hannuna. Koko da ƙosai da safe, waakye, wato shinkafa da waken Ghana, mai tururi, tuwon zafi, gasasshen kifi da aka sauke a gabana, ayaba, lemo, duk ina ci kuma ban taɓa nadama ba. Abin da nake gudu shi ne salak da aka yanka tun safe, kankana da abarba da aka fere ana yayyafa musu ruwan bokiti, naman da ya huce ƙuda na bi, da ƙanƙarar da ban san ruwan da aka yi ta da shi ba. Shito yaji ne na gaske, ranar farko ka ɗan taɓa kawai, cikin Bakano sai ya saba.

Fiyawata ka duba lambar hukuma a jiki, ka duba ba ya yoyo, ka wanke ko ka goge kusurwar da za ka ciza don hannu nawa ya bi ta kai kafin naka. Ruwan rijiya ko na tanki a tafasa, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs yadda aka rubuta a jira minti 30. Kwalara ba wasa ba ce a hanyar nan ta kowane ɓangare, a 2014 ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana yawanci a Accra da kewaye, a 2021 kuma a Najeriya an lissafa sama da 100,000 da ake zargi, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin arewa ne kan gaba. Wato mu ma muna iya kai ta, ba kwasowa kaɗai ba.

Wanke hannu kuma, wannan kwanon ruwa ɗaya da ake zagayawa da shi kowa ya tsoma kafin a ci abinci, na ƙarshe dai wanka yake yi da dattin na farko. Ka ɗauki buta a zuba maka, da sabulu. In ka fara, ba ka ce wa kowa komai ba, za ka ga an bi.

Na bakwai: gidan masauki, nan ne zan daɗe

Mu Hausawa ba mu cika sauka otal ba, gidan kawu ne ko gidan mai gida a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, ko Aboabo in Kumasi ne. Za a tashi yara daga ɗakinsu a ba ka, a yanka maka kaza, ba za a taɓa ce maka ka yi nauyi ba. To kai ne za ka buɗe idonka.

Ruwa na farko. A gidaje da yawa sayen sa ake yi a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da suke kira galan ɗin Kufuor, kuma yarinyar gidan ce ke ɗauko shi a ka tun asuba. Na taɓa kwana huɗu a wani gida ina wanka da bokiti biyu safe da yamma kamar a bakin famfon gidanmu, sai rana ta biyar na fito alwalar asuba na ga 'yar gidan, ba ta fi shekara goma sha biyu ba, tana sauke jarka ta uku, wuyanta duk ya jiƙe, kuma bakwai za ta kasance a makaranta. Kunya ta kama ni har ƙafa. Tun daga ranar, washegarin sauka nake ba uwar gida kuɗin ruwa da na gawayi in ce na yara ne, don in ka ce kuɗin ruwa ne ba za ta karɓa ba. Haka banɗaki, wasu gidajen na unguwa ake zuwa a biya, ka tambaya tun da rana kada dare ya yi maka.

Ka ɗaura gidan sauronka daren farko. Mu a arewa maleriya da damina ta fi ƙarfi, a bakin teku kuwa kusan duk shekara ne. Wanda ya daɗe a Turai ko Saudiyya ya biyo ta nan, garkuwar da ya taso da ita ta yi rauni, shi ya ga likita a ba shi maganin kariya tun kafin ya taso. In za ka koma ka bar musu gidan sauron, ya fi turmin atamfa amfani ga mai ciki.

In kana mura ko tari, ka sa takunkumi a ɗaki, ka yi tari a gwiwar hannu, kada ka tofar da majina a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Za a miƙo maka jariri a ce Alhaji sa masa albarka, ka yi masa addu'a daga inda kake, ba sai ka sumbace shi ko ka tofa masa a fuska ba, addu'a tana isa. Mura a wurinka kwana uku ce, a wurin ɗan sati biyu tana iya zama gadon asibiti.

Kada ka zama likitan gida. Wannan ɗabi'ar tamu ce, baƙo ya buɗe jaka ya ce ai ina da ja da yalo, ga filajin, ba yaro rabi. Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha biyu a bari shi ke sa ƙwayoyin su yi taurin kai har maganin ya daina aiki a unguwa gaba ɗaya. Haka jiƙe-jiƙen basir da na ƙarfin maza da ake kai wa tsaraba cikin gora ba suna ba awo, mai ciwon ƙoda ya sha ka jawo masa. In kana son taimakawa ka biya kuɗin mota da na kati a kai mara lafiya asibiti.

Wanzami da mai yankan farce na yawo, ka miƙa musu rezarka sabuwa, ko ka sa a ɓare a gabanka. Ciwon hanta ta jini yake bi kuma mai shi yana shekaru bai sani ba.

Sai maganar manya, ba zan yi kwana-kwana ba. Garuruwan boda da tashoshin manyan motoci an san abin da ke faruwa a cikinsu da dare. Kame kai shi ne asali kuma shi addini ya ce. Wanda shaiɗan ya rinjaya ya san kororon roba, ya kuma je a gwada shi kafin ya koma wa iyalinsa, don matar da ke gida ba ta je ko'ina ba. Masu ƙara aure a can kuma, a yi gwajin jini na ƙanjamau da hanta da jinotayif kafin a shafa fatiha, ba bayan an haifi mai sikila ba.

Ledar fiyawata da ta baƙar leda ka tara ka kai bola. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle cikin Accra, mutum wajen 150 suka rasu, kuma kwatocin da shara ta toshe na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Ledarka ɗaya ba ita ta yi ba, amma haka kowa ke cewa.

Teku kuma a kalla daga nesa in ba ka iya ba, igiyar ruwan Lome da Kwatano tana ja ta ƙasa. Tafkin Volta da ƙananan rafuka akwai tsargiya, ba wurin wanka ba ne.

Na takwas: in ciwo ya zo duk da haka

Zazzaɓi, a fara da gwaji. Ɗigon jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 an gani. In maleriya ce, irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma, da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kuma a shanye duka ko an ji sauƙi. Ka saya a famasi mai rajista, ba a tire ko a kasuwa ba, jabun magani ya yi yawa a gabar nan. In gwaji ya ce ba maleriya ba ce, ko an sha magani kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, kada a sake sayen wani, a tafi asibiti.

Gudawa, ruwa ne magani kafin komai. Sacet ɗaya na ORS a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu, lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin wannan ƙaramin cokalin na gishiri. A yi ta kurɓa, ko ana amai a dakata minti goma a ci gaba. Yaro a ba shi zinc kwana 10 zuwa 14, mai shan nono a ci gaba da ba shi. In bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, a ɗauke shi yanzu yana shan ORS a hanya, kwalara tana iya gama babba cikin awoyi. Mai jinya ya ware masa bokiti da kofi, a wanke wurin da ruwan bilic, kuma mai gudawa ba ya taɓa tukunyar gida.

Wuya ya sanƙare da ciwon kai mai tsanani, ido ya yi ɗorawa, jini ta hanci ko dasashi, suma ko jijjiga, waɗannan ba a kwana da su. A Ghana lambar gaggawa 112 ce. Kare ya cije ka ko ya yaƙushe ka, sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan asibiti a ranar don allura, kada a jira a ga ko karen zai haukace.

Kuma ka faɗa wa likita gaskiyar inda ka fito da ranar da ka taso. Wasu na ɓoyewa wai kada a tsare su. Wannan bayanin ne zai sa ya yi tunanin Lassa ko sanƙarau da wuri, ya kuma kare nas ɗin da ke taɓa ka.

Na tara: bayan an dawo

An sauke kaya an raba tsaraba, ba a gama ba tukuna. Ka ƙirga sati uku kana lura da jikinka da na yaran da kuka je da su. Kayan sawa a wanke a shanya a rana, akwatin ma a zazzage shi a waje saboda kuɗin cizo, motocin dare da ɗakunan tasha ba sa rasa su. Duk zazzaɓin da ya taso cikin kwanakin nan, kalmar farko da za ka faɗa a asibiti ita ce na yi tafiya, ga ƙasashen da na bi.

In kuma aka gwada aka ce ƙyanda ce ko mashaƙo ko tarin fuka ko wani abu mai yaɗuwa, ɗauki waya a ranar ka kira gidan da ka sauka. Ka faɗa wa mai gidan sunan ciwon yadda likita ya faɗa, da ranar da ya fara, ka ce a kai yaran da suka kwana ɗaki ɗaya da naku a duba su, mai ciki da mai jego su fara zuwa. Kiran yana da nauyi a baki, na sani, na taɓa yin sa sau ɗaya saboda ƙyandar ɗana, ina ta kame-kame ina ba da haƙuri. Kawu ya katse ni ya ce bar ban haƙurin nan, maimaita min ranar da ƙurajen suka fito in rubuta.